Tsohuwar Fuska a Sabuwar Kwamfuta: Nasiha ga Matasan Chanchaga

Mafi yawan kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i a Chanchaga da sauran unguwannin Minna na hannu ne, wato waɗanda aka yi shekaru ana aiki da su a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka a Legas, daga can su biyo mota zuwa shagunan tsakiyar gari, kuma da wuya ɗaya daga cikinsu ta shiga hannun mai ita ba tare da mai gyara ya sake ɗora mata babbar manhaja ba. Babbar manhaja ita ce shirin da ke tashi da zarar an kunna na'ura, wanda ke raba aiki tsakanin sassanta, ya kula da ajiyar fayiloli, ya kuma ba sauran manhajoji irin su Word da CorelDraw da Chrome filin yin aikinsu, kuma wadda ta fi yaɗuwa a Najeriya ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. A daidai lokacin ɗora ta ne ake yawan jin buƙata daga bakin masu kwamfuta, manyansu da yaransu, cewa a sa musu Windows 7, ko kuwa, idan hakan ba zai yiwu ba, a mayar musu da sabuwar ta yi kama da ita. Waɗannan buƙatu biyu kusa suke da juna a baki, amma a aikace akwai tazara mai yawa a tsakaninsu, domin ta biyun kwalliya ce da za a iya yi lami lafiya idan an san iyakarta, ta farkon kuwa tana nufin barin na'ura da duk abin da ke cikinta ba mai tsaro.

Bai dace a ɗauki mai son tsohuwar fuska a matsayin baƙauye ba, ko da yake Hausawa kan ce sabo turken wawa. Mai buga takardu a bizines santa kusa da Kwalejin Ilimi ta jihar Neja, wanda yatsunsa suka haddace mazaunin kowane abu tun shekaru da dama, saurin hannunsa shi ne jarinsa, kuma duk sauyin da ya sa shi tsayawa laluben abin da a da yake samu ido rufe ragi ne a cinikin ranar, musamman a makonnin da ɗaliban ajin ƙarshe ke layin buga furojet. Tarihin Windows ma yana bayan wannan mutum. A watan Agustan 1995 ne Microsoft ya fito da Windows 95 ɗauke da maɓallin Start a kusurwar hagu ta ƙasa, tare da sandar ayyuka, wato layin nan na ƙasan allo da ke nuna manhajojin da ke buɗe, kuma wannan tsari ya zauna daram a Windows XP ta 2001 da Windows 7 ta 2009, har mutane da yawa suka koyi kwamfuta suka ƙware ba su san wani tsarin ba. A watan Oktoban 2012 kamfanin ya cire maɓallin a Windows 8, ya cika allon da manyan murabba'ai masu launi da aka tsara domin taɓawa da yatsa, alhali yawancin jama'a da linzami da kibod suke aiki; ƙorafi ya yi yawa har aka dawo da maɓallin bayan shekara guda a Windows 8.1, sannan aka dawo da jerin manhajojin da ke ƙarƙashinsa a Windows 10 a 2015. Idan kamfanin da ya yi sauyin ya ja da baya da kansa, babu dalilin da zai sa matashi ya yi wa yayansa ko malaminsa dariya don ya nemi abin da ya saba da shi.

A irin wannan giɓi ne ƙananan manhajojin mayar da tsohuwar fuska suka yi suna. Wani masanin shirye-shiryen kwamfuta mai suna Ivo Beltchev ya fara Classic Shell a 2009, yana raba ta kyauta, kuma zuwan Windows 8 ya sa ta bazu ko'ina a duniya. Da ya ajiye aikin a watan Disambar 2017 sai ya saki rubutun shirin ga jama'a, wasu 'yan sa-kai suka ci gaba da shi da sunan Open-Shell. Kamfanin Stardock na Amurka ya yi tasa ta sayarwa, Start8, wadda ta zama Start11 daga baya. Da Windows 11 ta fito a ranar 5 ga Oktoban 2021, ta mayar da maɓallin Start tsakiyar sandar ayyuka, ta kuma taƙaita jerin umarnin da ke fitowa idan an danna linzami ta dama, sai kasuwar ta sake buɗewa, aka samu StartAllBack ta kuɗi da ExplorerPatcher ta kyauta.

Kafin matashi ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu, wajibi ne ya fahimci cewa Windows hawa-hawa aka gina ta, kuma haɗarin kowane sauyi yana ƙaruwa ne gwargwadon zurfin hawan da ya taɓa. A can ƙasa akwai cibiya, wadda ba a ganinta, ita ce ke magana da sassan na'ura, ta kuma yanke hukuncin abin da kowace manhaja ke da izinin yi. A samanta akwai ɓawo, wato shirin da ke zana sandar ayyuka da jerin Start da tagogin fayiloli, wanda a Windows ake kira Explorer. A saman ɓawon kuma akwai jigo, wato tarin launuka da hotuna da sautuka da siffar gumaka. Abin da ido ke kewa idan an ce ana son Windows 7 ko XP, kusan dukkansa a hawa biyu na sama yake, abin da ke kare na'ura daga ɓarayi kuwa yawancinsa a ƙasa yake, kuma rashin bambance wannan shi ne tushen mafi yawan asarar da ake yi a wannan fage.

Sauyi mafi sauƙi ba ya buƙatar sauke komai sai hoto. Koren tudun nan da shuɗin sama na Windows XP, wanda mai ɗaukar hoto Charles O'Rear ya ɗauka a gundumar Sonoma ta jihar Kalifoniya a 1996, ana iya shimfiɗa shi a bayan allon kowace irin Windows. A cikin saitunan Windows 11 kanta akwai wurin da ake mayar da maɓallin Start kusurwar hagu, akwai inda ake umartar sandar ayyuka ta riƙa nuna sunan kowace taga maimakon ta cure su wuri guda, kuma wanda ya riƙe maɓallin Shift yayin danna linzami ta dama zai ga cikakken tsohon jerin umarni. Tsohon ɗakin saituna mai suna Control Panel yana nan bai je ko'ina ba, sunansa kawai za a rubuta a wurin bincike. Mutane da yawa da ke biyan kuɗi a sake musu babbar manhaja, da an nuna musu waɗannan 'yan abubuwa da buƙatarsu ta biya cikin minti goma, kuma abin takaici ne cewa ba kowane mai gyara ne ke nuna su ba, tunda fomat, wato goge na'ura a sake ɗora babbar manhaja, ya fi kawo kuɗi.

Mataki na gaba shi ne manhaja irin Open-Shell, wadda ke zama a gefen ɓawo ta ɗora nata jerin Start a kan na asali, kuma ana cire ta kamar yadda ake cire kowace manhaja. Haɗarinta kaɗan ne, da sharaɗin a ɗauko ta daga shafinta na ainihi a GitHub, domin shahararrun manhajojin kyauta su ne 'yan damfara suka fi kwaikwaya, su buɗe shafi mai kama da na gaskiya, su cusa nasu abin a cikin fayil ɗin. Kwafin da aka karɓa a filash daga hannun aboki, wanda shi ma daga wani ya karɓa, ba a san hannu nawa ya ratsa ba.

Daga nan ne lamarin ke fara nauyi. Akwai manhajojin da ba sa tsayawa a gefe, suna kutsawa cikin ɓawon su sauya yadda yake aiki, akwai kuma waɗanda ke yi wa fayilolin Windows faci domin ta karɓi jigon da Microsoft bai sa wa hannu ba, wanda da shi ne ake kwaikwayon siffar tagogin Windows 7. Irin waɗannan sun dogara ne da yadda cikin Windows yake a ranar da aka rubuta su, alhali Microsoft yana sauya cikin nan kusan kowane wata ba tare da ya shawarci kowa ba. A ƙarshen Fabrairun 2023 kamfanin ya sanar da cewa wata sabuntawar Windows 11 na iya hana kwamfutocin da ke ɗauke da ExplorerPatcher ko StartAllBack tashi yadda ya kamata, ya kuma shawarci masu su da su cire su kafin su sabunta. Masu waɗannan manhajoji sukan gyara matsalar cikin ɗan lokaci, kuma babu wanda ya ce mugunta suka nufa, amma ɗalibin da kwamfutarsa ta tsaya a baƙin allo ana jibi zai kare furojet ɗinsa ba zai amfana da gyaran da zai zo mako mai zuwa ba. Wanda ya ga lallai sai ya bi wannan hanya, to ya fara kwafe muhimman fayilolinsa zuwa wani wuri dabam, ya kafa abin da ake kira wurin komawa, wato ajiyar da Windows ke yi ta yanayin saitunanta domin a iya mayar da ita can idan abu ya lalace, sannan ya guji yin gwajin a tsakiyar zangon karatu.

Mafi muni a cikin duka shi ne kwafin Windows da wani ya riga ya feɗe ya sake ɗinkewa, ya ba shi suna mai daɗin ji, ya ce mara nauyi ne, ko na 'yan wasan gem, ko Windows 10 mai fuskar 7, ya saka a intanet kyauta, sau da yawa da lasisin bogi a ciki. A nan ba ɓawo kaɗai aka taɓa ba, hannun baƙo ya kai har cibiya, kuma abubuwan da aka fi cirewa domin a ce ta yi sauƙi su ne mai gadin cikin gida da ake kira Defender da kuma hanyar karɓar sabuntawa. Wanda ya ɗora irin wannan ya miƙa makullan na'urarsa ga mutumin da bai san sunansa ko ƙasarsa ba, kuma babu wata manhajar kashe bairos da za a ɗora daga baya ta tabbatar masa da cewa gidan tsaf yake, tunda ita ma a kan wannan cibiyar za ta zauna. A watan Yunin 2023 kamfanin tsaro na Doctor Web ya bayyana cewa ya gano wasu kwafin Windows 10 na sata da ake rabawa a intanet ɗauke da ɓoyayyen shiri, wanda aikinsa shi ne ya jira mai kwamfuta ya kwafi adireshin asusun kuɗin kirifto, sai ya musanya shi da na ɓarawon kafin a liƙa. Matasan Minna da ke hada-hadar kirifto ba kaɗan ba ne, haka ma masu shiga asusun banki ta kwamfuta, kuma irin wannan sata ba ta da ƙara, sai dai mutum ya ga kuɗi sun tafi inda bai aika ba.

Komawa ga Windows 7 ta ainihi kuwa, masu goyon bayanta kan kafa hujja da cewa da tsohuwar zuma ake magani, sai dai babbar manhaja ba ta cikin abubuwan da tsufa ke ƙara wa kyau. Kowace babbar manhaja tana da kurakuran da ba a gano ba ranar da aka fito da ita, masu bincike da ɓarayi suna ta tono su, kamfanin kuma yana toshe waɗanda aka gano ta hanyar sabuntawa, wadda Microsoft ke fitarwa a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Lamarin ya yi kama da gidan ƙasa: zanen da magini ya yi a fuskar zaure yana iya shekara hamsin yana burge masu wucewa, amma yaɓen da ake sabuntawa kafin kowace damina shi ke riƙe da katangar, kuma ranar da aka daina yaɓe gidan ba ya faɗuwa nan take, ruwa ne ke samun hanya a hankali. An daina yi wa Windows XP wannan hidima a ranar 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 kuma a ranar 14 ga Janairun 2020, ma'ana kusan duk ɓarakar da aka gano a cikinsu bayan nan a buɗe take ga mai kwamfutar gida. Abin da ɓaraka guda ke iya jawowa an gan shi a ranar 12 ga Mayun 2017, lokacin da shirin garkuwa da fayiloli mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya da dama. Abin lura shi ne Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar, kuma mafi yawan na'urorin da abin ya shafa Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin ana kula da ita, masu su ne ba su sabunta ba. Ban da tsaro ma, sauran manhajoji sun yi gaba sun bar ta: Chrome 109, wadda ta fito a Janairun 2023, ita ce ta ƙarshe da ke aiki a Windows 7, kuma a hankali shafukan rajista da na banki sukan daina buɗewa daidai a tsohuwar manhajar shiga intanet.

Dole a yi adalci a ambaci dalilin da ya sa ake kashe sabuntawa a Minna ko a kan sabuwar Windows, domin ba jahilci ba ne kawai. Data tana da tsada, sabuntawa kuma tana iya lashe ta mako guda a dare ɗaya. Wuta kuma, a jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, ba ta da alƙawari, kuma kwamfutar da batirinta ya mutu idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar sabuntawa tana iya ƙin tashi. Amma akwai tsaka-tsaki tsakanin sakin data da rufe ƙofa gaba ɗaya. Windows tana da saitin da ake gaya mata cewa layin intanet ɗin nan na awo ne, sai ta rage sauke abubuwa da kanta, mai ita kuma ya ware rana guda a wata, inda ya samu Wi-Fi na makaranta ko garaɓasar datar dare da caji cikakke, ya sabunta da hannunsa.

Akwai kuma zaton cewa tsohuwar fuska tana sa na'ura sauri. Asalin zaton gaskiya ne, domin Windows XP tana iya tashi da ram mai megabayit 64, Windows 7 tana neman gigabayit 1 ko 2, Windows 11 kuwa ba ta karɓar ƙasa da gigabayit 4. Ram shi ne ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke baza aikin da take yi a kai. Sai dai wannan sauƙi na abin da ke ƙasa ne, ba ya biyo hoton bango ko siffar maɓalli, hasali ma kowace manhajar kwalliya da aka ƙara tana cin nata rabon. Abin da ke farfaɗo da tsohuwar HP EliteBook ko Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad shi ne a cire tsohon had-dis mai juyawa a sa SSD, wato ma'ajiya mara motsi da ta ninka shi sauri, a ƙara ram ya kai gigabayit 8, a rage manhajojin da ke tashi tare da na'ura, a kuma buɗe ta a share ƙurar hunturu daga fankarta. Kuɗin da ake kashewa a fomat sau uku a shekara da an tara su da sun kama hanyar sayen SSD.

Wannan magana ta ƙara zama ta gaggawa tun ranar 14 ga Oktoban 2025, da Windows 10 ita ma ta bi sahun waɗanda aka daina kula da su, in ban da ƙarin wa'adin sabuntawar tsaro da Microsoft ya buɗe wa masu kwamfutar gida zuwa 13 ga Oktoban 2026, ga wanda ya yi rajista. Windows 11 tana sharɗanta wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama ko makamanciyarta, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da suka cika kasuwa, irin su EliteBook 840 G3 da ThinkPad T440, ba su kai nan ba. Masu gyara sun san yadda ake tsallake sharaɗin da manhajar Rufus, kuma na'urar takan yi aiki, amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai lamunce wa irin wannan na'ura samun sabuntawa ba. Saboda haka mai shirin sayen kwamfuta a yanzu ya tambayi ƙarnin furosesarta kafin ya tambayi launinta.

Ga wanda na'urarsa ba ta cika sharaɗin ba kuma ba shi da halin sauya ta, akwai Linux, babbar manhaja ta kyauta wadda ba ta buƙatar lasisin sata, kuma abin sha'awa shi ne a can son tsohuwar fuska ya daɗe da zama halastaccen aiki mai masu kula da shi. Lokacin da aka sauya fuskar Linux mai suna GNOME a 2011 ta hanyar da ta ɓata wa mutane da yawa rai, wasu sun ɗauki tsohuwar sun ci gaba da raya ta da sunan MATE, masu Linux Mint kuma suka gina Cinnamon, mai maɓalli a kusurwar hagu da sandar ayyuka a ƙasa, wadda wanda ya saba da Windows 7 zai gane kanta a zama ɗaya. Zorin OS, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka fara a ƙasar Ayalan, tana da wurin zaɓar siffa mai kama da Windows, kuma ga mai son komawa can baya akwai jigon Chicago95 da ke mayar da wata fuskar Linux mai suna Xfce tamkar Windows 95. A duk waɗannan, fuskar ce tsohuwa, cibiyar kuwa ana sabunta ta a kai a kai. LibreOffice ma tana riƙe da jerin umarni irin na Word kafin sauyin 2007. Amma kada a ruɗi kowa: CorelDraw da Photoshop da AutoCAD ba a yi su domin Linux ba, wasu firintoci sukan ba da wahala, don haka mai zanen katin biki da ɗalibin zanen gine-gine a jami'ar da ke Gidan Kwano su auna kafin su yi tsalle. Ana iya gwada Linux Mint daga filash ba tare da an goge komai ba, kuma wannan gwaji ya fi duk wata muhawara amfani.

Akwai wata fuskar lamarin da ta keɓanci matasa, wadda ba ta shafi dattijon da ya kusa ajiye aiki ba. Dattijon yana kare ƙwarewar da ya riga ya tara, shi kuwa ɗan shekara goma sha takwas yanzu yake tara tasa, kuma yawancin kwamfutocin da za su yanke masa hukunci a rayuwa ba nasa ba ne. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, WAEC ta fara tata ta kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024, gwajin ɗaukar aiki a bankuna da hukumomi da yawa ya koma allo, kuma ɗakin kwamfuta na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ko teburin ofishin da za a tura mutum bautar ƙasa ba za a gyara su su dace da abin da ya saba gani a ɗakinsa ba. Wanda ya koyi kwamfuta ta hanyar haddace cewa abu kaza yana kusurwa kaza zai rikice duk ranar da aka matsar da shi, amma wanda ya fahimci mene ne fayil, ina yake zaune, yaya ake nemo manhaja ta hanyar rubuta sunanta, waɗanne maɓallan kibod ne ke kwafa da liƙawa da sauya taga, zai zauna gaban kowace na'ura ya kama aiki, domin waɗannan ba su sauya ba tun shekaru da dama. Saboda haka ya fi kyau matashi ya yi wata biyu ko uku da sabuwar fuska yadda ta zo, har ya san ta ciki da waje, sannan idan ya ga dama ya yi mata kwalliyar da ransa ke so.

Matasa da yawa a Chanchaga su ne injiniyoyin gidajensu, wasu kuma sun mayar da abin sana'a, kuma a nan maganar ta koma ta amana. Wanda ya mayar wa mahaifinsa ko wani malami kwamfuta ta yi kama da Windows 7 ya kyauta, amma ya gaya masa gaskiyar abin da ke ƙasa, ya kuma rubuta masa sunan manhajar da ya ɗora a takarda, domin ranar da ta samu matsala wani mai gyaran ya san inda zai fara. Kwalliyar nan kuma tana aiki ta kowane ɓangare, yadda ake sa sabuwa ta yi kama da tsohuwa haka ake sa tsohuwa ta yi kama da sabuwa, kuma sayar da na'ura a kan Windows 11 ce alhali fenti ne algus ne kamar kowane algus. Mai saye yana da hanyar bincike mai sauƙi: ya danna maɓallin Windows tare da harafin R, ya rubuta winver, taga za ta fito da sunan babbar manhajar da lambarta, sannan ya leƙa wurin sabuntawa ya ga ko yana aiki. Nauyin ya fi yawa a kan mai bizines santa ko kafe, wanda lambobin NIN da BVN da hotuna da sakamakon jarrabawar ɗaruruwan mutane ke ratsa na'urarsa, domin shi ba kansa kaɗai yake jefawa a haɗari ba, kuma tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ta ɗora wa masu riƙe irin waɗannan bayanai alhakin tsare su.

Wani lokaci akwai uzuri na gaskiya, kamar tsohuwar firinta ko injin yankan sitika da direbansa, wato ƙaramin shirin da ke haɗa shi da kwamfuta, bai wuce Windows 7 ba. Irin wannan na'ura a ware ta ga wannan aiki kaɗai, a raba ta da intanet, a kuma lura da filashin kwastomomi, domin ta nan ne bairos ɗin da ke ɓoye fayiloli ya bar gumakan bogi a madadinsu ya fi yawo. Shi kuwa wanda sha'awa ce kawai ke jansa, yana son ya ji sautin tashin XP ko ya ga yadda Windows 98 take, akwai na'urar cikin na'ura, wato manhaja irin VirtualBox da ke ware wani yanki na kwamfuta ta mayar da shi tamkar wata kwamfutar dabam a cikin taga. A ciki ana iya ɗora tsohuwar Windows, a kashe mata intanet, a yi wasa da ita, a lalata ta, a goge, a sake, ba tare da an taɓa fayil ko ɗaya na ainihin na'urar ba. A can ne kuma ya kamata a fara gwada duk wani jigo ko faci da aka sauko da shi kafin a kai shi kan kwamfutar da ake karatu ko neman abinci da ita. Na'ura mai ram gigabayit 8 ta isa wannan aiki, in an ba baƙuwar ɗan rabonta an bar wa mai gida sauran.